Mataki na Shida

Babana, Eleuterio Maldonado,
shekara talatin da ɗaya yana awon kaya
a tashar jiragen ruwa ta Valparaíso,
labari ɗaya tak ya rubuta a duniya.
Shafi huɗu. Na huɗun ma bai cika ba.

Wa da ƙane ne a ciki, a bayan gida,
suna rabon kayan aikin kafinta.
Wannan ya ɗau zarto, wancan guduma,
ƙusoshi suka raba da tafin hannu.
Sai suka zo kan tsani.

"Kai ka ɗauka."
"Ba ni da wurin ajiyewa."
"Matakinsa na shida ya karye."
"Na sani."
"Ana iya gyarawa."
"Ana iyawa."

Hadari ya taso daga teku,
suka kwashe komai suka shige,
ban da tsanin.
Iyakar labarin ke nan.
Ba wanda ya yi kuka, ba wanda ya faɗi na wa ne kayan.

Aka sa shi a littafin makaranta.
Yara na cewa, ai babu abin da ya faru.
Malamai kuwa suka yi ta haƙa:
wani ya ce tsanin ƙasarmu ce mai giɓi,
wani ya ce talaka ne da ba ya kaiwa sama,
wata ta zo tun daga Santiago da rikoda
ta ce imani ne da ya tsage a tsakiya.
Baba ya zuba mata shayi, ya tura mata sukari,
ya ce, "Tsani ne. Na katako."

Bayan mun binne shi, a watan sanyi,
ina neman takardar gida a ƙarƙashin gado
na ci karo da gwangwanin biskit.
Shafi arba'in da uku, bugun tsohuwar tafiretarsa
wadda harafinta ɗaya ke ɗingishi.
Jan fensir ya bi su layi layi
kamar mai yankan farce har ya taɓa nama.

A nan na ga yayana Nibaldo,
ɗan shekara goma sha tara,
ya hau gyaran kwanon rufi bayan ruwan dare.
Na ga ƙarar da katako ya yi,
da kwanon miya da ya suɓuce wa Mama,
da takalminsa ɗaya da ya rage a sama
har kwana tara, don ba mai iya hawa.
Na ga Baba da kawu Hermógenes
suna zargin juna kan wanda ya ce zai gyara matakin
tun bara, bai gyara ba.

Na ƙirga sunan Nibaldo: sau sittin da biyu.
Sau sittin da biyu an ja masa layi.
A gefen shafi na goma sha bakwai,
inda Mama ke wanke masa gashi a karo na ƙarshe,
Baba ya rubuta da ƙananan haruffa:
"Wannan namu ne."

Ashe ba ƙarancin magana ke gare shi ba.
Rijiya ya haƙa, ya rufe bakinta da faifai,
ya bar mai wucewa ya ji sanyi a tafin ƙafa
bai san daga ina ba.

Matar rikoda ta sake bugo waya
ko ya bar wasu takardu.
Na dubi gwangwanin a kan tebur.
Na ce ya bar rasit na wuta da na ruwa.

Tsanin na nan jingine da bangon baya,
gishirin teku ya cinye masa fenti.
Kyanwar maƙwabta kan hau shi da hantsi,
ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar,
ta ɗan tsaya,
ta tsallake.